Yadda ake lissafi da zaɓen kayan shayar da boila ruwa

Masu aiki da tukunyar tururi a Kumasi, wato boila, sun fi yadda ake zato yawa: masu busar da katako a Kaase da Ahinsan, masu matsar manja a bayan gari, masu sabulu, masu wankin otal da asibiti. Galibinsu sukan zuba kuɗi masu kauri wajen sayen tukunyar kanta. Idan aka zo kan abin da zai riƙa shayar da ita, sai a aiki yaro Suame Magazine, kasuwar makanikai, ya samo famfo "mai ƙarfi". A gaskiya famfo shi ne abu na ƙarshe da ake zaɓa. Kafin shi akwai ruwan kansa, da abin da zai gyara ruwan, da tanki, da tsayin da za a ɗora tankin. Kowanne yana ba na gabansa lamba, kuma wanda ya fara daga ƙarshe zai biya kuɗi sau biyu.

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe: boila mai ba da tan 2 na tururi a awa, wato kilo 2,000, tana aiki a matsin bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsi), an saita bawul ɗin tsaronta ya buɗe a bar 11. Ka cire lambobina ka sa naka.

Mataki na farko: karanta farantin da ke jikin tukunya

Kowace boila tana da ƙaramin farantin ƙarfe da maƙerinta ya manna mata, ɗauke da yawan tururi da iyakar matsi. Kilo ɗaya na tururi daga kilo ɗaya na ruwa yake fitowa, don haka tukunyarmu tana shan kilo 2,000 a awa idan tana cikakken aiki. Idan tsohuwa ce daga Amurka, za ka ga an rubuta ƙarfinta da doki. Dokin boila ɗaya kilo 15.65 ne na tururi a awa, sai ka ninka.

Akwai abin da dillalai ba sa faɗa. Yawancin lambobin nan an rubuta su ne bisa ruwan da ya riga ya kai digiri 100, yana tafasa ba tare da matsi ba. A bar 10, idan ruwan digiri 30 kake zuba mata, tukunyar 2,000 za ta ba ka kusan 1,700 ne kawai. Idan ruwan ya kai digiri 85, za ta ba ka kusan 1,860. Tukunya ɗaya, itace ko mai ɗaya, bambancin kawai zafin ruwan da ya shiga. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a wajen tanki. Amma wajen lissafin kaya, lambar faranti za mu bi don mu kasance a gefen aminci.

Mataki na biyu: kai ruwanka ɗakin gwaji

Kafin ka kashe sidi ɗaya kan ƙarfe, ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai a auna. Akwai ɗakunan gwaji a jami'ar KNUST da na kamfanin ruwa, akwai kuma masu sayar da maganin boila da kan auna. Abubuwan da za ka nema: taurin ruwa, jimillar gishirin da ya narke a ciki wanda takarda ke kira TDS, sinadarin ƙarfe, silika, da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa.

Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, ruwan kogi ne, kuma irin wannan bai cika tauri ba, sai dai yakan zo da laka da damina, da kuma kulorin da aka zuba masa. Rijiyar burtsatse kuwa kowace da halinta. Wata tana fitowa garau, ta kwana a bokiti ta koma ja saboda ƙarfe. 'Yan uwanmu da ke aiki a Accra da Tema sun san wata damuwar daban, wato rijiyoyin kusa da teku masu zartsi. Idan kana haɗa ruwan famfo da na rijiya, auna kowanne daban, ka yi lissafi da wanda ya fi muni, domin ranar da famfo ya ɗauke shi za ka sha.

Abokan gabar tukunya biyu ne. Taurin ruwa, wato kalsiyam da magniziyam, yana daskarewa a jikin bututun wuta kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Ƙanzon da kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba yana iya cin kashi 2 cikin ɗari na makamashinka, idan kuma da ƙarfe da silika a ciki ya kai kashi 7. Mafi muni, yana hana ruwa sanyaya ƙarfen, sai bututu ya yi zafi ya kumbura. Na biyun iskar oksijin ce. Ita ba ta cin ƙarfe bai ɗaya. Idan aka buɗe tukunyar da ta sha ruwan sanyi shekara da shekaru, ka haska tocila a kan bututun, za ka ga ƙananan ƙuraje masu launin ƙasa. Ka kankare ɗaya da wuƙa, sai ka tarar da rami baƙi a ƙarƙashinsa, alhali ƙarfen da ke kewaye lafiyarsa ƙalau. Rami ɗaya ya huda, aiki ya tsaya.

Mataki na uku: nawa ke dawowa, nawa ake zubarwa

Tururin da ya gama aiki a ɗakin busar da katako yana komawa ruwa. Wannan ruwan dawowa shi ne mafi daraja a masana'antar: da zafinsa, ba gishiri, ba tauri. Duk wanda ke barinsa ya bi kwata yana zubar da kuɗi. Amma masu manja da ke hura tururi kai tsaye cikin kwakwa ba abin da zai dawo musu, kuma ruwan da ake zargin mai ya shiga, a bar shi ya tafi, domin mai a cikin boila kumfa yake kawowa. A misalinmu mu ce kashi 40 ke dawowa, kilo 800 ke nan. Saura kilo 1,200 sabon ruwa ne.

Tururi yana tashi ya bar gishiri a baya, don haka ruwan cikin tukunya kullum ƙara kauri yake. Dole a riƙa zubar da wani a maye da sabo, abin da ake kira bulodan. Tukunyar da wuta ke bi ta cikin bututu yawanci ana riƙe gishirinta a wajen miligiram 3,000 a lita, sai dai in maƙerinta ya faɗi wata lamba. Ga lissafin: gishirin ruwan da ke shiga, a ninka da yawan tururi, a raba da abin da ya rage idan an cire gishirin shiga daga iyakar tukunya.

Idan gishirin sabon ruwanka miligiram 200 ne a lita, bayan ya gauraya da ruwan dawowa ya koma kusan 120. To 120 sau 2,000, a raba da 2,880, ya ba da kilo 83 a awa. Ba yawa. Yanzu ɗauki rijiya mai 800. Gauraye ya zama 480, lissafi ya ba da kilo 381 a awa na tafasasshen ruwa da ka saya wa wuta kana zubarwa. A irin wannan halin, kafin ka yi zancen famfo, ka tambayi farashin injin tace ruwa irin na masu ruwan leda, wanda ake kira RO. Mu da muke da 200, jimillar abin da tukunya ke buƙata kilo 2,083 ne a awa, sabon ruwa a ciki kusan 1,300.

Mataki na huɗu: injin tausasa ruwa

Sofna tulu ne cike da ƙananan ƙwayoyin rezin masu kama kalsiyam da magniziyam su saki sodiyam. Idan sun ƙoshi, a wanke su da ruwan gishiri su farfaɗo. A lura, sofna tana cire tauri ne kawai, ba ta rage jimillar gishiri. Mutane da yawa sun sa ta a kan rijiya mai zartsi suna jiran abin da ba za ta iya ba.

Lita ɗaya ta rezin tana kama kusan giram 50 na tauri kafin ta nemi gishiri. Kada ka yi lissafi da 1,300. Da safe idan aka tada wuta, ko ranar da layin dawowa ya lalace, duk ruwan sabo ne, don haka ɗauki lita 2,100 a awa. Idan taurin ruwanka miligiram 100 ne a lita, wato giram 100 a kowace lita 1,000, kuma kana son awa 12 tsakanin wanki da wanki: 2.1 sau 100 sau 12, giram 2,520, a raba da 50, lita 50 ke nan. Ni zan ɗauki mai lita 75, saboda rezin yana tsufa, kuma ruwan da ke gudu da sauri ta cikin ƙaramin tulu yakan wuce da taurinsa. Kowane wanki zai ci kusan kilo 9 na gishiri.

Idan masana'antar tana aiki dare da rana, tulu biyu za ka saya, ɗaya na aiki ɗaya na wanki. Idan gwaji ya nuna ƙarfe, sa matacin ƙarfe a gaba, idan ruwan famfo ne sa na yashi da na gawayi, domin ƙarfe yana toshe rezin, kulorin kuma yana lalata shi. Gishiri kuwa a samo wankakke. Ɗanyen gishirin teku yana da araha, amma yashinsa a cikin bawul ɗin sofna yake ƙarewa.

Mataki na biyar: tanki, kuma a nan aikin yake

Tankuna biyu ne, kada a haɗa su. Na farko ma'ajiyar ɗanyen ruwa, wanda baƙin tankin roba ya wadatar, kuma girmansa ya dogara da tsawon lokacin da famfo kan ɗauke a unguwarku. A lita 1,300 a awa, aikin awa 12 ya haura lita 15,000. Na biyu shi ne tankin shayarwa, mai zafi, na ƙarfe, gara wanda ba ya tsatsa, a naɗe shi da audugar gilashi, da murfi, da bututun shaƙar iska a sama wanda ba a taɓa sa masa bawul ba. Roba ba ta da wuri a nan.

Littattafan Amurka sukan ce ajiyar minti 10 zuwa 20 ta isa. A wurin da ruwa da wuta ba sa yankewa wataƙila haka ne. Mu da muka san dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, awa ɗaya ta fi kwanciyar hankali: kusan lita 2,200 na ruwan da za a iya ja. Ka bar sarari a sama don ruwan dawowa da kan zo da yawa lokaci guda, sai tankin ya zama na lita 3,000. Ƙwallon da ke buɗe wa sabon ruwa a saita shi ƙasa da baki sosai, in ba haka ba ruwan sanyi ya cika tanki, mai zafin ya zo ya rasa wuri ya malale.

Me ya sa sai mai zafi? Ruwan digiri 30 yana ɗauke da oksijin kusan miligiram 7.5 a lita. A digiri 80 ya ragu zuwa kusan 3, a 90 ya koma ƙasa da 2. Zafi ne ke korar iskar kyauta, ragowar sai a kashe da magani. Sodiyam salfayit, wanda aka fi amfani da shi, yana bukatar kusan kashi 8 a lissafi, kusan 10 a aikace, don kashe kashi ɗaya na oksijin, kuma shi ma gishiri ne da ke ƙara wa tukunya kauri. Ka ga mai zuba ruwan sanyi yana sayen magani ninki uku, yana ƙara bulodan, yana kuma girgiza ƙarfe mai zafi da sanyi kullum.

A misalinmu, sabon ruwa mai digiri 28 da ruwan dawowa mai 90 idan sun haɗu ba za su wuce digiri 52 ba. Don kai su 85 sai an hura tururi a cikin tankin, kusan kilo 120 a awa, ta bututu mai bawul da ke bin zafi da kansa. Wani Alhaji mai katako da aka yi wa wannan lissafin ya ce wa fitansa, wato makanikin da ke haɗa masa kayan, "Masta, tururin da na saya da kuɗina za ka mayar cikin tanki?" Shi kuwa ya ce, "Alhaji, ai ba ɓacewa yake ba, cikin tukunyarka zai koma." Fitan ne ke da gaskiya. Ribar makamashi ta haƙiƙa kuwa tana zuwa ne idan zafin daga abin da da za a yar ya fito, kamar ruwan dawowa ko hayaƙin bututun sama. A nan kowane ƙarin digiri 6 yana rage kusan kashi 1 na abin da ake ƙonawa.

Akwai na'urar korar iska mai matsi, da ke riƙe ruwa a wajen digiri 105 ta sauke oksijin zuwa kusan miligiram 0.007 a lita. Ta manyan masana'antu ce da masu matsi mai yawa. Ga tukunyar tan 2 a bar 10, buɗaɗɗen tanki a digiri 85 da ɗan magani ya wadatar.

Mataki na shida: tsayin tanki a kan famfo

Wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kashe famfuna. Ruwa mai zafi yana gab da tafasa. Idan famfo ya ja shi, matsi ya ragu a bakin farfela, wato fankar da ke juyawa a cikin famfon, sai ya tafasa nan take, kumfar ta fashe a jikin ƙarfe. Ka sa kunne kusa, za ka ji ƙara ƙaras-ƙaras a ciki, allurar agogon matsi tana rawa, ruwa kuma ba ya shiga tukunya. Ka buɗe bayan wata biyu ka ga bakin farfela ya zazzage. Sai a ce famfon jabu ne, a sayo wani, shi ma ya bi sahu.

A takardar kowane famfon kirki akwai lambar NPSH, wato mita nawa na matsi yake buƙata a bakinsa. Abin da kake da shi kuma ga yadda ake samo shi. A tudun Kumasi, iskar sama tana bar maka rarar kusan mita 4.2 idan ruwan digiri 85 ne, mita 3 a digiri 90, mita ɗaya da rabi a 95, babu komai idan ya tafasa. Ƙara tsayin ruwan tanki a kan famfo, ka auna daga mafi ƙarancin ruwa, sannan ka cire asarar bututu. Tanki a mita 2.5, asara rabin mita, a digiri 85: mita 6.2. Famfon da ke neman mita 2 ya samu har da rara. Amma dubi ranar da tarkon tururi, wato bawul ɗin da ke barin ruwa ya wuce ya tare tururi, ya lalace, tururi ya biyo layin dawowa tankin ya kai 98: abin da ya rage maka tsayin nan ne kusan kawai. Shi ya sa nake cewa a ɗaga tanki mita 2.5 zuwa 3 tun farko, a bar rarar aƙalla rabin mita zuwa mita ɗaya a mafi munin hali. Ƙarfen ƙafafun tanki ya fi farfela araha.

Bututun ja ya zama gajere, mai faɗi, ba lanƙwasa da yawa, gudun ruwa ƙasa da mita ɗaya a daƙiƙa. A misalinmu mai milimita 40, wato inci ɗaya da rabi. Na turawa milimita 25 ya isa. Sa rariya kafin famfo, a kuma riƙa wanke ta.

Mataki na bakwai: yanzu sai famfo

Lambobi biyu za ka kai wa mai sayarwa: yawan ruwa da tsayin turawa, wato mita nawa famfon zai iya ɗaga ruwa. Idan famfon irin mai kunnawa da kashewa ne gwargwadon ruwan tukunya, a al'adar sana'a ana ninka buƙata da 1.5 zuwa 2, don ya iya cike gibi yana kuma ciyar da tururi. 2,083 sau 1.5 ya ba da kusan kilo 3,100, wato lita 3,200 na ruwan zafi a awa. Idan mai gudu kullum ne da bawul mai daidaita shiga, 1.25 ya isa, kusan lita 2,700, amma dole a yi masa ƙaramin layin komawa tanki don kada ya dafa kansa idan bawul ya rufe. Kada ka ce bari in ninka uku don aminci. Babban famfo yana watsa ruwa da yawa lokaci guda, matsin tururi ya faɗi, shi kuma ya yi ta tashi da tsayawa har ya ƙone.

Matsi kuwa ba daga bar 10 ake farawa ba. Ƙa'idar injiniyoyin Amurka ta ASME ta ce kayan shayarwa su iya tura ruwa a matsin da ya ɗara saitin bawul ɗin tsaro da kashi 3 cikin ɗari, domin lokacin da bawul ɗin ke huci shi ne lokacin da tukunya ta fi asarar ruwa. Bar 11 ya zama 11.33. Ƙara asarar bututu da bawul mai hana komawa, mu ce 0.7, ya zama bar 12. Idan akwai bawul mai daidaitawa ko na'urar ɗumama ruwa da hayaƙi, ƙara nasu daga takardunsu. A digiri 85 bar ɗaya mita 10.5 ne, don haka mita 126. Famfo mai hawa-hawa na tsaye, mai injin lantarki na kilowat 2.2, shi ne ajin da za ka duba. Ka tabbata lita 3,200 da mita 126 sun haɗu a wuri ɗaya a kan zanen aikin famfon. Abin da ake rubutawa da manyan baƙi a kwali sau da yawa iyakar ruwa ce da iyakar tsayi, kuma famfo ba ya ba da su tare. Ka tambayi kuma zafin da sil ɗinsa, wato abin da ke hana shi yoyo, ke jurewa, ka nemi mai digiri 120.

Masu sayen na hannu su duba faranti da kyau. Wutar Ghana mai zagaye 50 ce, ta Amurka 60. Famfon da aka ƙera wa 60 idan ya hau wutarmu, ruwansa ya ragu zuwa kashi 83, tsayinsa zuwa kashi 69. Mai mita 126 ya koma 87, bar 8 da ɗoriya, ba zai iya buɗe ƙofar tukunya mai bar 10 ba ko da yana juyawa lafiya.

Famfo biyu ake sawa, kowanne mai iya ɗaukar aikin shi kaɗai, ana musanya su mako-mako, kuma a ɗora su a layin janareta. Ga masu ƙona garin katako ko ɓawon kwakwa wannan ba zaɓi ba ne. Mai ƙona dizal wutarsa tana mutuwa da ɗaukewar lantarki, amma garwashi ba ruwansa da dumso, zai ci gaba da dafa tukunya alhali famfo ya tsaya. Irin wannan tukunyar tana buƙatar hanya ta biyu da ba ta dogara da lantarki ba, ko famfon dizal ko injekta mai aiki da tururin tukunyar. Injekta ba ta son ruwan zafi, sai a ja mata layi daga tausasasshen ruwa mai sanyi.

Kafin a miƙa aiki

Ɗan famfon magani a haɗa shi da famfon shayarwa su riƙa tashi tare. Ruwan shiga ana son pH ɗinsa tsakanin 8.5 da 9.5, na cikin tukunya 10.5 zuwa 12, taurin bayan sofna kuma kusan sifili, a riƙa ɗiga masa maganin gwaji kowace safiya ana rubutawa a littafi. Dokar masana'antu, ofisoshi da shaguna ta 1970, mai lamba 328, ta wajabta a riƙa duba tukunyar tururi, kuma jami'an sashen duba masana'antu za su nemi ganin bawul ɗin tsaro da agogon matsi da gilashin duba ruwa.

Ranar gwaji, tukunya na kan cikakken aiki, a tabbatar famfo ɗaya yana ɗaga ruwa a gilashi, sannan ɗayan. A kashe famfo da gangan, mutum na tsaye a kan gilashi, a ga ƙararrawa ta yi kuka wuta ta yanke kafin ruwa ya ɓace daga gani. A koya wa kowane yaro da ke kwana da tukunyar cewa idan ya waiwayo ya ga gilashi wayam, kuma bai san tun yaushe ba, kada ya kunna famfo. Ya kashe wuta, ya rufe bawul ɗin tururi, ya bar ta ta huce, ya kira masta ya duba bututun kafin a sake zuba mata ruwa.